Gaisuwar Safe a Ƙofar Kaka

Shekara biyu muka yi a wani ɗan ƙauye a Ingila kafin karatu ya sake kwaso mu zuwa Kuala Lumpur. Ba son ƙauye ne ya kai mu ba. Maigidana yana digirinsa na biyu a birnin da ke kusa, gidajen cikin gari kuwa sun fi ƙarfinmu, sai wani ya nuna masa wani ɗan gidan dutse a ƙarshen layi, bayan coci. Ranar da muka sauka na tsaya a bakin ƙofa da akwati a hannu, na duba gabas na duba yamma, na ce masa, "Wai ina mutanen garin? Ko an yi rasuwa ne?"

Ba a yi rasuwa ba, haka garin yake. Coci ɗaya, kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya, sai bas da ke zuwa sau uku a rana idan ta ga dama. Daga bayan gidaje sai gonaki da makiyaya har inda ido ya tsaya, kore shar, an yanka su da shingen ƙaya da katangar duwatsu. Tumaki sun fi mutane yawa, kuma sun fi su surutu. Ni kuwa 'yar cikin birnin Kano ce, na tashi a gidan da kafin a gama ɗumame mutum biyar sun yi sallama. Shirun nan ya dinga yi min ƙara a kunne har sai da na yi sati ina kunna rediyo ba don ina sauraro ba.

Ba wai ba sa gaisuwa ba ne. Idan kun haɗu a hanya za su yi maka murmushi, su ce yau kam an samu rana, ko su ce ruwan nan ya ƙi ɗaukewa. Idan kana da kare su tambayi lafiyarsa da sunansa. Amma ba wanda zai taka ƙofar wani sai an sa rana an sa lokaci, kamar za a ɗaura aure.

Gidan da ke manne da namu na wata tsohuwa ce, ta haura tamanin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana Kanada. 'Yar ƙarama ce, kai fari fat, kullum cikin takalmin roba tana duƙe a lambunta na bayan gida. Yarana ne suka sa mata Kaka, ni ma na bi su. Washegarin zuwanmu, da na sallami maigida da yara, na zura hijabi na je na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Abin da aka koya min ke nan: tsohuwa a maƙwabta, ba ka karya kumallo hankali kwance ba ka je ka ji yadda ta kwana ba.

Ta buɗe ƙofar kaɗan, sarƙa na maƙale. Ta ce, "Wani abu ya faru ne?"

Na ce, "A'a, na zo gaishe ki ne."

Na rusuna. Sai ita ma ta sunkuyar da kai tana duba ƙasa, ta zaci wani abu na yar. Muka gama dube-dubenmu, ta ɗago ta ce, "Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Kin tashi lafiya?"

Ta ce lafiya lau, ta gode, ta mai da ƙofa a hankali.

Washegari da na koma sai ta miƙo min sukari a kofi, wai ta lura kunya ce ta hana ni tambaya. Rana ta uku ƙwai huɗu. Rana ta huɗu ta tare maigidana ta kan shinge, ta yi ƙasa da murya ta tambaye shi ko matarsa tana cikin wata damuwa da ba ta iya faɗa. Ya shigo gida fuska a murtuke ya ce don Allah in rufa masa asiri in daina, nan ba Kano ba ce, kada a kira mana 'yan sanda. Raina ya ɓaci. Na ce masa idan Hajiyata ta bugo waya ta ce yaya tsohuwar maƙwabciyarku, in ce mata rabona da ita tun Litinin? Shi ya san bakin Hajiya. Ni kuma na ci gaba da abina.

An yi kusan wata guda ana wannan ja-in-ja a bakin ƙofa. Wata safiya na ƙwanƙwasa, sai na ji an zare sarƙa. Buta na kan wuta, kofi biyu a kan tebur. Ta ce, "Tunda ba za ki daina ba, shigo, sanyi yana shigar min gida." Ta kafa min doka: takwas da rabi, kada in riga kada in makara. Shayinta kuwa ruwa-ruwa ne, sukari kamar an yi masa rowa. Na sha shi shekara biyu ban taɓa cewa uffan ba, Allah shi ne shaidata.

Ita ta fitar da ni daji. Ta ba ni takalman robar marigayi mijinta, na cusa safa biyu a ciki, na ɗaura atamfata a sama na ɗora rigar sanyi. Akwai 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa cikin gonakin mutane, kowa yana da ikon bi, sharaɗin kawai duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi. A kan wannan ba ta wasa. Sai ta tsaya ta ji ƙarar sakata kafin mu yi gaba. Kowace gona tana da suna, kuma ta san wanda ya noma ta tun zamanin kakansa, da wanda ya sayar da tasa ya koma birni ya yi nadama. Idan muka hau tudu mukan hango hasumiyar coci uku na ƙauyuka uku, da rafi yana bin gindin itatuwa. Warin kashin shanu a can shi ne abu na farko da ya yi min kama da gida, na tsaya ina shaƙa, ita kuwa tana kallona kamar na taɓu.

Wata rana na ga wani ganye ya yi luf a gindin shinge, kamar na'ana'a. Na ce kai, ga kayan shayi a banza, na kai hannu na damƙo. Wayyo Allah! Kamar na tsoma hannu a gidan rina. Na dinga yarfe hannu ina salati. A ranar na fara jin dariyar Kaka, dariya har da riƙe ciki da share hawaye. Ta tsinko wani faffaɗan ganye a nan kusa ta murza min, zafin ya lafa. Da lokacin kaka ya yi muka dinga tsinkar wasu baƙaƙen 'ya'yan ƙaya masu tsami-tsami a jikin shinge, ta dafa su da tuffar lambunta. Ni kuma na koya mata cin ƙosai, amma yaji ta ce sai dai a lahira.

A wajen tsinkar nan ne bakina ya suɓuce na ce mata mutanen garin nan ba su da zumunci. Mutum zai iya mutuwa a ɗaki ya kwana uku ba a sani ba. Ba ta ji haushi ba. Da muka dawo ta nuna min gidan da ke tsallaken hanya, na wani manomi mai tumaki, dogo, wanda maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Ta ce kullum ƙarfe bakwai zai fito a kan tarakta, ya dubi tagarta. Idan labule a buɗe yake sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ya wuce. Shekara arba'in ke nan. Mai kawo wasiƙu kuma tana duba ko an ɗauke kwalbar madara daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ranar da takwas ta yi labulen nan a rufe, za ki ga mutane."

A raina na ce ikon Allah, gaisuwa da labule. Amma na ɗan sassauta musu. Na fara lura da yatsan nan, kuma gaskiyarta, bai taɓa fashi ba. Manomin nan ma shi ya sayar mana da ragon layya duka shekarun biyu, ya kai shi mahauta da kansa, ya tsaya a gefe hula a hannu har aka gama. Da na aika masa da soyayyen nama ya dawo da kwanon a wanke, ya ajiye a bakin ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

Ranar da za mu tashi, Kaka ta miƙo min hannu za mu yi musabaha kamar wasu 'yan kasuwa. Na ture hannun na rungume ta da ƙarfin tsiya. Ta sandare, sannan ta ɗan bubbuga bayana ta ce to, to, ya isa. Ta ba ni lambar wayarta ta gida a jikin wani kati. Ba ta da wayar hannu, ta ce ba ta ga abin da zai sa a same ta a lambu ba.

A unguwar Bukit Jalil ta Kuala Lumpur hawa na goma sha tara aka ba mu. Nan kam akwai mutane, akwai zafi, akwai masallaci, ga matan 'yan uwanmu ɗalibai ana ta suna da walima. Na sake, har na yi ƙiba. Kaka nakan kira ta ranar Lahadi, wani satin ma in manta. Sai annoba ta zo aka kulle gari. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, maigida ya dinga turo min hoton ganye daga kanti yana tambaya ko wannan ne alayyahu. Daga baranda ina kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa fayau ba kowa. Shirun da na baro a ƙauye ya biyo ni har nan, kuma duk labaran da ake yi na tsofaffi ne, tsofaffin da ke zaune su kaɗai.

Sai na koma gaisuwar safe. Uku da rabi na rana a nan ita ce takwas da rabi a can. Kullum in na sauke tukunya sai in fita baranda in kira. Bugu biyu take ɗauka, ta ce, "Kin iso ke nan." Sai ta ba ni labarin gari. An daina kaɗa ƙararrawar coci. Mai kanti yana ajiye mata kaya a bakin ƙofa ya ja da baya. Tumaki sun fara haihuwa, manomi ko barci ba ya samu. Waken da ta shuka ya tsiro, amma dodon koɗi ya sa shi a gaba. Ni kuma in ce mata a nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ta ce ai gara namu, nasu ba ya sauka ba ya ɗaukewa.

Wata Talata na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Na ba da minti biyar na sake. Sati uku ina kiran nan, ba ta taɓa bari ta yi ƙara uku ba.

Maigida yana falo da kwamfuta a cinya. Ya ce, "Haba, relax mana. Maybe tana garden ne, ko ta shiga wanka. Ki bari zuwa anjima."

Na ce, "Baban yara, matar da ta kafa min takwas da rabi ita ce za ta shiga wanka takwas da rabi? Ba ni wayarka."

Lambar manomi tana ciki tun zamanin ragon layya. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma kukan tumaki ya cika wayar. Na faɗa masa ko ni wace ce, na ce Kaka ba ta ɗaukar waya.

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Na wuce da bakwai, labule a buɗe. An ma ɗauke madara."

"Ka gan ta da idonka?"

"Na ga labule."

"To don Allah ka je ka ƙwanƙwasa."

Ya ce yana da tunkiya a hannu tana naƙuda, kuma an hana shiga gidajen mutane, balle tsofaffi. Ban da haka ma ita ba ta son a dame ta. Ya ce shi a shekara arba'in sau ɗaya ya taɓa shiga gidan nan, ranar da mijinta ya rasu.

Nan fa na hau. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masa wanda ya buɗe labule da bakwai ai yana iya faɗuwa da bakwai da kwata. Na ce labulen ne zai gaya maka? Turancina ya ƙare na haɗa da Hausa, na ce wallahi tallahi ba ka isa ba, maigida yana ta yi min alama da hannu in rage murya maƙwabta na ji. Na ce masa ni ina wata duniya, ba ni da ƙafar da zan taka in je, shi kuwa taku ashirin ne. Idan bai je ba, zan kira shi duk bayan minti biyu har tumakin nan su gama haihuwa, kuma ya san ni.

Ya ja numfashi ya ce, "Na san ki. Duk garin nan an san ki."

Bai kashe wayar ba, ya jefa ta a aljihu. Ina jin takunsa a kan tsakuwa, na ji ya buɗe ƙyaure, na ji kuma ya tsaya ya rufe shi. A wannan halin ma sai da ya rufe! Sannan ya ƙwanƙwasa sau uku, a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Na dinga ihu a cikin aljihunsa ina cewa ka buga da ƙarfi. Ko ya ji ko bai ji ba, oho. Na ji ya kira ta, shiru. Ya zaga ta baya. Sai na ji ya ambaci Ubangiji da wata murya da ban san shi da ita ba, na ji ana jan tukunyar fulawar da take ɓoye mukulli a ƙarƙashinta, wayar ta katse.

Na kira bai ɗauka ba. Na zauna a ƙasan baranda. Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, aka kira la'asar, na yi alwala na yi salla ban san me na karanta ba. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina nake ji, duk Lahadin da na manta ban kira ba sai da ta dawo min ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya rufe kwamfutarsa ya zo ya zauna kusa da ni bai ce komai ba, wanda shi ne abin kirkin da ya yi a ranar.

Sai wajen shida manomi ya kira. Ya same ta a ƙasan kicin. Bayan ta ɗauko madara ta leƙa lambu, santsi ya kwashe ta a kan dakalin ƙofar baya, ta ja jiki ta shigo, daga nan ta kasa motsi. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Motar asibiti ta tafi da ita, tana numfashi, tana magana. Na ce me ta ce? Ya ce ta yi masa faɗa ya shigo mata kicin da taɓo a takalmi. Sannan ya ce likitocin motar sun ce da ta wuni a kan sumuntin nan da sanyin nan, da labari ya sha bamban. Bai ce ya gode ba, ni ma ban ce na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo min har bakin leɓe.

Ta yi makonni a asibiti, ba a barin kowa ya shiga. Ba ni da wanda zan tambaya sai shi, don haka uku da rabi ta koma kansa. Bawan Allah ya sha wahalata. In ce yaya Kaka, ya ce an ce da sauƙi. In ce yaya tumaki, ya ce suna nan. In ce yaya iyali, ya ce su ma. Wata rana don kansa ya ƙara da cewa ya zuba wa wakenta ruwa, na ji kamar an yi min kyautar zane.

Ranar da aka sallame ta shi ya gaya min, ya ce an sauko mata da gado falo, waya tana kusa da hannunta. Washegari tun uku nake riƙe da waya ina kallon agogo. Da rabi ta cika na kira, bugu ɗaya ta ɗauka. Muryarta ta ƙanƙance, amma ita ce. Na yi niyyar in yi mata faɗa a kan dakalin nan da na sha ce mata a gyara, sai na kasa, na ce kawai, "Kaka, kin tashi lafiya?"

Ta ce ta tashi, abincin asibiti ne dai ba ya ciyuwa. Na tambaye ta ko ta ji tsoro a ranar, ita kaɗai a ƙasa.

Ta ce da farko ta ji. Tana kwance tana kallon agogon bango, ta san labule a buɗe yake, ta san an ga an ɗauke madara, ba mai zuwa sai gobe. Ta ce har ta fara tunanin wa zai gaya wa ɗanta. Sai waya ta fara ƙara a falo. Ta katse, ta sake, ta katse, ta sake.

Ta ce, "Daga nan na daina jin tsoro. Da wani ne, zai kira sau biyu ya ce bari ya ƙyale ni in huta. Ke kuwa na san ba ki da wannan ladabin."

Na buɗe baki in rama, kuka ya riga ni. Ta tsaya tana jira a can ƙarshen waya, ba ta ce ya isa ba, har sai da na gama.